Wake-wake da Tarin Kwanon Baba Alhaji

Ranar wata Laraba ce a tsakiyar damina, shekarar da na shiga aji uku a firamare. An kwana ana ruwa, gari ya waye tsakar gidanmu na Tudun Wada duk caɓi, rariya tana ta tsiyaya waje. Na riga na sa rigar makaranta, Inna tana ɗumama tuwo a madafa, sai na zaga bayan ɗakinmu don in buɗe wa kazata kamar yadda na saba. Na janye dutsen da muke toshe bakin akurki da shi, na durƙusa na kira ta. Ba ta fito ba. Da na leƙa sai na gan ta a maƙure can ƙurya, ta tashi daga kan ƙwan da take kwanci, gashinta duk a tashe. Ƙwan da na bari cike da kasko sun ragu, kuma babu ɓawo, babu ko ɗigon gwaiduwa. Sai da na miƙe zan kira Inna na ga abin da ya faru. Saɓar maciji ce, doguwa, jiƙe da ruwa, rabinta a fili, rabinta ta shige ƙarƙashin tarin tsofaffin kwanon rufi da ke jingine da katanga. Yau ina da jikoki da suka isa aure, amma in na rufe ido ina ganin saɓar nan, kuma raina yana ɓaci kamar jiya aka yi.

Kazar nan Gwaggo Asabe ce ta ba ni, ƙanwar Babanmu da ke aure a Dutsen Abba. Ta kawo ta a cikin kwando tana 'yar budurwa, ta danƙa mini a gaban kowa, ta ce tawa ce ni kaɗai, kuma daga cikin 'ya'yanta za a sami zakaran da za a yanka ranar da na cika izu ɗaya a makarantar allo. A lokacin duk yaron da ya kai nan sai an yi masa sadakar kaza da tuwo, wanda kuwa gidansu suka yi shiru, yara ba sa barin shi ya sha ruwa da tsiya. Gashinta baƙi ne da ɗigo-ɗigon fari, irin da ake kira wake-wake, sai sunan ya bi ta. A gidanmu ba ni da wani abu da zan nuna in ce nawa ne. Tabarma mu uku muke kwana a kai, kwanon tuwo mu biyar muke sa hannu, ko ɗankwali in na wanke na shanya sai in gan shi a kan wata. Amma Wake-wake kowa ya san mai ita. Da safe ina watsa mata tsaba kafin in tafi makaranta, sau da yawa har na sha bulala a bakin ƙofa saboda na tsaya kallonta tana ci. In mun taso, mu 'yan mata mukan bi hanyar bakin rafin Kubanni da gwangwani mu tono gara, in kawo mata. Hatta 'yar carafke a gefen akurkinta nake yarda a yi, ina jefa dutse sama ina waiwayen ta.

Gidan babba ne, na gado. Mai faɗa a ji shi ne yayan Babanmu, wanda dukanmu muke kira Baba Alhaji. Mutum ne dogo mai murya, yana sayar da hatsi a kasuwa, in ya yi gyaran murya a zaure kowace mace tana gyara lulluɓi. Babanmu tela ne, mai sanyin hali, bai taɓa ɗaga ido ya dubi yayansa ba. Tun kafin in yi wayo Baba Alhaji ya tara kayan gini a bayan ɗakinmu, ya ce zai yi wa babban ɗansa ɗaki. Akwai tubali, akwai azara, akwai kwanon rufi da ya saya a hannun wani da ya rushe shago. Ɗan ya girma ya tafi aikin jirgin ƙasa, ɗaki bai tashi ba. Kowace damina ciyawa tana ƙara rufe tarin, tubalin ƙasa suna narkewa, ɓeraye da gafiya suna haihuwa a ciki, kwaɗi suna kwana suna kuka. Duk wanda ya karya kujera ko ya fasa tukunya, can yake jefawa. A gindin wannan tarin aka gina akurkin kaji, don wai nan ne ba ya tare wa kowa hanya.

Sai kuma Inna. Ni ce 'yarta ta fari, kuma a zamaninmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta shiga faɗansa. Ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Ke" take ce mini, in kuma tana magana da wani a kaina ta ce "yarinyar nan". Da kazar ƙanwata ce, da ta iya fitowa tsakar gida ta yi magana, ba wanda zai ga laifinta. Amma tawa ce, sai ya zama in ta buɗe baki za a ce ba ta da kunya, tana rawar jiki a kan 'yar fari. Ni kuwa a lokacin ban san wannan nauyin ba. Abin da na sani kawai, na zo mata da kuka da saɓar maciji a kan kara, ta dube ta, ta dube ni, ta ce in wanke hannu in wuce makaranta kada in makara.

Daga baya na ji cewa a ranar ta gaya wa Babanmu, shi kuma ya yi kwanaki yana juya maganar kafin ya kai ta zaure. Abin da aka roƙa ba shi da yawa: a kwashe tarin nan, a share wurin. Baba Alhaji ya ce kayansa ba shara ba ne, bayan damina zai fara gini, kuma bai taɓa jin inda aka tayar da kayan namiji saboda ƙwan kaza ba. Maganar ta mutu a nan. Sai mata suka koma ga abin da suka iya. Aka gano cewa ruwa ya cinye bayan akurkin har ya yi rami, aka liƙe da laka. Aka zagaye shi da toka, ruwan sama ya wanke. Aka yayyafa kalanzir, kaji suka daina cin abinci. Wata maƙwabciya ta ce a ƙona tsumma da ƙahon rago da barkono, muka ƙona, hayaƙi ya turnuƙe gidan, jaririn matar Baba Alhaji ya kwana yana tari, mu ma idanunmu suka yi ja. Wata kuma ta ce a ajiye dafaffen ƙwai, in ya haɗiye zai shaƙe shi. Aka ajiye, wani ɗan gidan ya lallaɓa ya cinye. Muna ta wannan wahala, maciji yana kwance lafiya a ƙarƙashin kwano, ga inuwa, ga ɓera, ga ƙwai a bakin ƙofarsa. Duk wanda ke gidan ya san inda yake. In magariba ta yi ba a ma kiran sunansa, sai dai a ce "igiya", a yi ƙasa da murya, a hana yara zagawa baya. An yarda a canza masa suna, an yarda a canza hanya, amma ba a yarda a taɓa kwanon Baba Alhaji ba.

Da ƙwai suka ƙara raguwa, wata rana na dawo daga makaranta na tarar babu Wake-wake a akurki. Na fasa kuka, sai ƙanwata ta ja ni ɗakin Inna ta nuna mini ƙarƙashin gado. Ga ta can a cikin tsohuwar ƙwarya da aka shimfiɗa wa tsumma, tana kwance a kan ragowar ƙwanta. Da matan gida suka fara yi wa Inna dariya, sai ta ce ita ba don kowa ta yi ba, ba ta son kaza ta mutu a bayan ɗakinta wari ya dame ta. Na yarda da wannan maganar, har na ji haushinta. A ƙarƙashin gadon nan Wake-wake ta ƙyanƙyashe. Da safe sai mu ji 'yan tsaki suna ta ciu-ciu a ƙarƙashin gado, ƙuma ta cika tabarma, Baba yana susa yana gunaguni, amma bai ce a fitar da ita ba. Waɗannan kwanakin su ne mafi daɗi a daminar. Na riga na zaɓi wani ja a cikinsu, mai tsayin ƙafa, na ce shi ne zakaran izuna.

Maganar ta koma kunnen Baba Alhaji cewa a gidansa mutane suna kwana da kaji saboda tsoron tarinsa, kuma har an fara yi da shi a majalisa. Ya ji kunya, amma maimakon ya sa a kwashe kaya, sai ya je kasuwa ya ɗauko mana mai wasa da maciji. Ana kiransa Mai Akwati, saboda wani akwatin katako da yake yawo da shi a ka. Mun san shi, mun sha tsayawa kallonsa in an aike mu injin niƙa. Ya shigo da babbar riga a kan warki, da layu har gwiwar hannu, yaronsa yana kaɗa ƙaramar ganga, yaran unguwa suka cika zaure har kan katanga. Mata suka koma ƙofar ɗakuna suna leƙe. Ya zagaya tarin yana surutai, yana tauna wani saiwa yana fesawa, ya sa kowa ya ja da baya, ya durƙusa ya ba mu baya, babbar rigarsa ta rufe wurin. Can sai ya yi kururuwa ya miƙe da maciji a hannu. Gidan ya ɗauki sowa. Ni ce ma na fi kowa tsalle.

Inna tana tsaye a bayan labule. Ta dubi abin da ke hannunsa, wani siriri mai guntuwar wutsiya, yana lilo kamar ba shi da lafiya, sai na ji ta ce wa matar Baba Alhaji a hankali, "Wanda ya yi makonni yana cinye mana ƙwai, shi ne wannan ramammen?" Matar ta toshe baki da mayafi, ta ce ta rufa musu asiri.

Mai Akwati ya jefa macijin a akwati, ya kwance wani ƙulli, ya zagaye akurki da tarin da wani baƙin gari. Sannan ya kafa sharaɗi. Kada a share wurin, tsintsiya tana karya magani. Kada a ƙara toshe bakin akurki da dutse, domin toshewa shakka ce, magani kuwa ba ya zama inda ake shakkarsa. Ya ci tuwo, aka sallame shi, ya tafi da zakaran matar Baba Alhaji a hammata. Da yamma Baba Alhaji ya aiko cewa a mayar da kaza inda kaji ke kwana, barin ta a ɗaki raini ne gare shi da maganin da ya kawo. Inna ta ce wa Baba a bari 'yan tsakin su ƙara ƙwari tukuna. Ni ce na hana. Na ga maciji da idona a hannun mutum, na ji ganga, kaina ya ɗauka. Na shiga ƙarƙashin gado na jawo ƙwaryar, na ce kazata ce, ta gaji da duhu, na kai ta akurki da hannuna, na mirgine dutsen gefe. Inna tana tankaɗe, ba ta ɗago ba.

Mako bai zagayo ba. Ranar Alhamis muka taso da wuri, rana ta fito bayan ruwan safe, ƙasa tana tururi. Tun daga zaure na ji kukan da ban taɓa ji daga bakin kaza ba. Na yar da jaka na zaga da gudu, sai Inna ta cafke ni ta baya ta rufe mini ido da tafin hannunta, domin kumurci yana feso dafi a ido tun daga nesa. Ta tsakanin yatsunta na gani. Baƙi ne wuluk, kaurinsa ya kai damtsena, ya fasa kai a bakin akurki, a kan baƙin garin nan na Mai Akwati yake kwance. Wake-wake tana gabansa, ta baje fukafukai har ƙasa, 'yan tsaki sun watse cikin ciyawar da aka hana mu sharewa. Tana da hanyar gudu, ba ta gudu ba. Ta yi tsalle ta kai masa ƙafa, ya sare ta, ta sake tashi, ya sake sara. Mata suna ta buga kwanoni suna jifa da abin da suka samu, sai ya sauke kai, ya ɗauki tsako ɗaya, ya sulale ƙarƙashin kwano ba tare da gaggawa ba, kamar mai shiga ɗakinsa.

Babu namiji ko ɗaya a gidan. Wake-wake ta yi 'yan taku, ta zauna, wuyanta ya karye gefe. Na ɗauke ta a cinyata, jikinta yana rawa, tana buɗe baki tana rufewa, har ta daina. Ƙannena suka bi ciyawa suna tsinto 'yan tsaki, Inna tana daga nesa tana nuna musu inda ba za su taka ba.

Abin da ya fi mutuwarta ƙona mini rai shi ne abin da ya biyo baya. Baba Alhaji ya dawo bayan la'asar, aka gaya masa, ya zago ya tsaya da carbinsa. Bai dubi tarin ba. Ya dubi ƙasa, ya ce lalle wata ta sa tsintsiya a wurin nan, shi ya san halin matan gidan, ba a ba su amana. Aka rantse masa ba a share ba, ga ciyawa ma shaida. Ya ce to akwai mai shakka a zuciyarta, ita ta karya magani. Sannan ya juyo ya gan ni da mushe a cinya, ya ce, "Kaza ce fa. A jefar da ita bayan gari kafin ta yi wari." Babanmu yana tsaye a bayansa, kansa a ƙasa, yana murza hularsa. Har yau in na tuna tsayuwar mutanen nan biyu, ɗaya ya ƙi ganin gaskiya ɗaya ya kasa faɗinta, sai haushi ya taso mini. Allah ya jiƙansu, sun riga mu gidan gaskiya, na kuma yafe musu don Allah. Amma yafiya daban, mantuwa daban.

Yarinya ba ta da bakin yi wa Baba Alhaji magana, ba ta da na yi wa ubanta. Sai na kai fushina inda ya fi sauƙi. Na shiga ɗaki na tarar da Inna tana jera 'yan tsakin cikin kwando, na ce mata, "Da kazar wata ce da kin yi magana. Ke dama ba ruwanki da ni." Hannunta ya tsaya a kan kwandon. Na jira mari, bai zo ba. Ta rufe kwandon da faifai, ta tashi ta fita ɗora tukunya.

Washegari Juma'a. A wancan lokacin mazan gidanmu cikin birni suke zuwa masallaci, tun hantsi suke wanka su sa manyan riguna su kama hanya, ba sa dawowa sai rana ta karkata. Ƙarar keken Baba Alhaji tana ɓacewa, Inna ta hura wuta a murhu biyu, ta ɗora manyan tukwanen da ake dafa abincin suna, ta cika su da ruwa. Ta kora mu yara duka ɗaki ta ja ƙofa, ni na hau kan gado na manna ido a taga. Na ga ta ɗaure zane a ƙirji ta ƙara ɗamara, ta je bakin rijiya ta ɗauko ƙugiyar da ake ciro guga da ita in ya faɗa, da igiyarta. Matar Baba Alhaji ta fito tana tafa hannu tana cewa ta yi wa Allah ta bari, za ta jawo musu abin da ya fi maciji. Inna ta ce ta koma ɗaki, in an tambaya ta ce barci take yi. Matar ta shiga ɗaki, sai ga ta ta fito da taɓarya.

Daga nesa Inna take jefa ƙugiya, in ta kama bakin kwano sai su ja su biyu, ya faɗo da ƙara. Kowace tana riƙe da faifai a gaban fuska saboda dafi. Maƙwabta suka ji ƙara, mata biyu suka shigo ta ƙofar baya da itacen girki. Kwano bayan kwano, ɓeraye suna fitowa suna bin ƙafafunsu, kunamu suna watsewa, wani wari yana tashi. Azarar da aka yi shekaru ana tsaro, ƙugiya tana taɓa ta sai ta ruguje, gara ta cinye cikinta tas. Kwanon kuwa tsatsa ta huda shi kamar rariyar tankaɗe. Da suka kusa ƙasa sai ya taso, ya fasa kai, ya feso, na ga dafin yana gangarowa a bayan faifan Inna. Ba ta ja da baya ba. Ta ce a miƙo ruwa, suka sheƙa masa tafasasshe ƙwarya bayan ƙwarya, ya fito fili yana murɗawa, taɓarya ta sauka. Ko da ya daina motsi, Inna ba ta daina dukansa ba, sai da aka riƙe hannunta. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba, kuma ban ƙara gani ba. A yau ba zan bar 'yata ta yi abin da ta yi ba, don ganganci ne, da dafin ya sami idonta da shi ke nan. Amma wa ya bar mata wata hanya?

Suka ja shi da ƙugiya suka shimfiɗe a bakin zaure ta ciki, inda duk mai shigowa sai ya tsallake shi. Maza suka dawo. Baba Alhaji ya yi turus, ya dubi macijin, ya wuce ya dubi bayan ɗaki da ya zama fili, rana tana haska ƙasar da ba ta taɓa gani ba. Muryarsa ta cika gidan, yana tambayar wanda ya taɓa masa kaya. Inna ta fito da lulluɓi, ta durƙusa nesa da shi kamar yadda ta saba gaishe shi, ta ce, "Ni ce, Alhaji, a yi haƙuri. Jiya kazar yarinyar nan ce. Akwai masu rarrafe a gidan nan, har da naka." Ya dubi jaririnsa a bayan matarsa, ya dubi taɓaryar da ke jingine kusa da ita. Ya taka wani kwano da ƙafa, ƙafar ta burma. Ya juya ya koma zaure.

Kada wani ya zaci ya gane kuskurensa. Har damina ta fita bai amsa gaisuwar Inna ba, kuma ya sa Baba ya yi mata faɗa a gabansa. A majalisa kuwa cewa ya yi maganin Mai Akwati ne ya kashe wa macijin jiki, shi ya sa har mata suka iya da shi. Mai Akwati ya ci gaba da wasansa a kasuwa. Na sake ganinsa da idona an aike ni niƙa, yana ɗaga siririn nan mai guntuwar wutsiya, yana gaya wa mutane daga wani gida a unguwar Hanwa ya ciro shi jiya. Na tsaya da ƙwaryar dawa a ka ina kuka don haushi, mutane suna jefa masa kuɗi.

'Yan tsakin da suka rage a kwando suka girma, a ɗakin Inna. Ni nake kawo gara, amma sau da yawa in na dawo makaranta sai in tarar an riga an ba su ruwa a kasko, an ɓarza musu dawa, an fitar da su rana an kife su da kwando saboda shirwa. Ban taɓa kama mai yi ba, ban kuma tambaya ba. Jan nan mai tsayin ƙafa ya rayu, ya zama zakara. Ranar da na cika izu ɗaya aka yanka shi, aka kai tuwo makarantar allo, Malam ya shafa kaina, yara suka yi wawaso. Gwaggo Asabe ta zo daga Dutsen Abba tana guɗa. Aka ajiye mini cinya, na kasa ci.

Yanzu Tudun Wada ta cika ta batse. Inda muke tonon gara duk gidaje ne, akurkin laka sai a ƙauye, amma maciji bai tafi ko'ina ba, domin kango da bola da kwata sun fi na da yawa. Har yau ina kiwon kaji. Kejina na katako ne mai ƙafafu, an zagaye shi da raga mai ƙananan ido, nesa da katanga. Ba na barin ƙwai ya kwana, ba na barin tsaba a ƙasa ta kira ɓera, kuma kullum sai an share ƙarƙashinsa ko ana ruwa. In masu maganin maciji sun wuce da lasifika a kan mota, rufe taga nake yi. Bara babban ɗana ya sauke bulo da tsofaffin tayoyi a bayan ɗakina, ya ce zai yi gini in an kwana biyu. Na ce masa kafin magariba in ga wurin a share, ko in kira masu tura kura su kwashe in ba su kyauta. Ya yi dariya ya ce, "Hajiya, duk saboda kaji?" Da ya ga fuskata, ya je ya nemo yara.

Shi ma ɗan fari ne, amma ni ina kiran sunansa, ina faɗa masa abin da ke raina, zamani ya ba ni bakin da bai ba Inna ba. Ta rasu ban taɓa jin sunana a bakinta ba, ni kuma ban taɓa komawa na janye maganar da na faɗa mata a kan kwandon nan ba. Kunyar da ta rufe mata baki ita ta rufe nawa. In na fita da safe na buɗe keji, kaji suka fito suna bin ƙafata, ita nake tunawa, tsaye da faifai a fuska. Sai da na tsufa na gane cewa da ƙugiyar rijiya Inna ta amsa mini maganar nan.